Idon Baya na Bindigar Jikata

A da, idan abu ya lalace a gidan Bahaushen Makka, sai a naɗe shi a tsumma a kai wa wanda ya iya. Akwai mai rediyo a unguwar Nakkasa, akwai mai keken ɗinki, ni kuma ina unguwar Misfala da gyaran agogo, a wani shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Mai kaya zai zauna ya sha shayi da bakinsa a rufe, don ya san iyakar saninsa. Yanzu Nakkasar da na sani an share ta, inda shagona yake otal ne ya tsaya a kai, kowa kuma ya zama gwani. Mutum zai kalli bidiyon minti uku a waya, ya tashi ya lalata abu, sannan ya kawo maka yana koya maka yadda za ka gyara.

Mijin 'yata ta biyu irinsu ne. Haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo da ƙafa ta Sudan, shi kuwa yana aiki a wani ofishin da ke shirya wa alhazai motoci zuwa Mina. Ba mugu ba ne, yana riƙe da 'yata da mutunci. Ciwonsa ɗaya ne, bai taɓa ganin wani abu ya ce bai san kansa ba. A ɗakinsa akwai akwatin kayan aiki mai hawa uku, kowane ƙarfe yana sheƙi kamar jiya aka saya, don babu wanda ya taɓa yin aikin kirki a ciki.

'Yarsu ta fari ta shiga wasan harbi tun tana sakandare, a wani nadi na mata, wato ƙungiyar wasa. Bindigar iska ce, babu albarushi, ana harba 'yar ƙwayar dalma kamar ƙwayar dawa a kan takarda mai baƙin ɗigo daga nisan mita goma. Da farko dariya na yi mata. Na ga maharba a Chadi waɗanda idan suka kuskure, abin da suka harba ne zai biyo su, sai ga jikata tana yaƙi da takarda. Amma ranar da na ga ta tsaya cik, numfashi ma kamar ta ajiye shi a gefe, ta zuba ƙwaya biyar ta rami ɗaya, na daina dariyar. A shekarar da nake ba da labari an kira ta gwaji a Jidda, inda za a zaɓi 'yan mata kaɗan su wakilci yankin. Shekarunta sun kai iyakar rukunin da take ciki. Idan ba a ɗauke ta a wannan karon ba, babu wani karon.

A bayan irin wannan bindiga, daidai inda ido ke zama, akwai ɗan akwatin ƙarfe da ke zamewa gaba da baya a kan doron bindigar. A jikinsa ake ɗaura wani baƙin faifai kamar maɓallin riga, da huda a tsakiya. Ta hudar ake leƙa zoben da ke bakin bindiga, ta cikin zoben kuma a hango ɗigon. Su suna da sunansa da Larabci da Turanci, ni idon baya nake ce masa. Na san shi ne tun ina saurayi a Omdurman, a shagon wani Ba'armeniye da ya koya mini agogo. Masu wasan harbi na garin wurinmu suke kawo nasu, don babu maƙerin da ke da sukudireba ƙarama haka.

Saura kwana goma sha biyu gwajin, yarinyar ta ce a gaban ubanta, ɗakin harbinsu da duhu-duhu, ɗigon ba ya fita sosai. Da ta tafi jami'a, sai ya ɗauki allurar ɗinkin matarsa ya zura a hudar ya jujjuya, wai ya faɗaɗa ta haske ya shiga. Na zauna da Faransawa a Fort Lamy, babban birnin Chadi kafin a sake masa suna, na sayi kayan agogo a hannun Indiyawa a Bombay, na ga ganganci iri-iri a harsuna iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wa idon baya kaciya da allura ba sai surukina. Da aka kawo mini na sa madubin ido na duba, hudar ta zama kamar bakin tulun da ya fashe, baƙin fentin ya kankare, ƙarfen yana walƙiya a ciki.

A wajenmu suruki ba ya fuskantar suruki da magana. Shi dai bai san wannan ba sosai, Ammi yake ce mini, wato baffa, irin na mutanen nan, ya zauna ya sa hannu a faranti ɗaya da ni, abin da mahaifina da ya gani da ya tashi ya bar gidan. Amma ni ina riƙe da nawa gefen. Sai na juya wurin jikata, wadda tsakanina da ita akwai wasa.

Na ce, "Amarya, wa ya yi miki wannan aika-aika? Ɓera ne ya shiga jakar?"

Ta ce, "Sidi," haka jikoki ke kiran kaka a nan, "ka bari, wallahi ba na son wasa yau." Hausarta rabi da rabi ce, sai ta ƙarasa sauran da Larabci, idonta ya yi ja.

Shi kuwa ya ce, "Ammi, dama tsohon yayi ne. Na yi odar sabo, wanda ake ragewa ana ƙarawa. Ya fi wannan sau goma."

Sabon ya iso ranar Alhamis. Kafin a kira ni surukina ya riga ya gwada ɗaurawa da kansa, ya cusa shi a karkace, da ya cije kuma ya ɗauko filaya. Matarsa ce ta ƙwace. Ranar Juma'a bayan la'asar na hau benensu da 'yar jakar fatar da ta rage mini daga shago. Na shimfiɗa farin tawul a kan tebur, na sa aka kashe fanka.

Haƙoran murɗin irin wannan abu sirara ne kamar na marfin agogon hannu. Haƙori na farko a jikin akwatin ya ɗan lanƙwashe. Na bi shi da tsinken katako da bakin hantsaki a hankali har ya miƙe, na hure, na goge da busasshen ƙyalle. Surukina ya miƙo mini gwangwanin mai na feshi.

"A ɗan fesa, Ammi, zai shiga sumul."

Na ce wa yarinyar, "Amarya, gaya wa masu gida ba ƙofar gareji muke gyarawa ba. Mai yana kama ƙura, ƙura tana zama a huda."

Na ɗora sabon faifan a bakin ramin, na murɗa shi baya, kamar mai kwancewa. Uban ya yi gyaran murya ya ce ai hagu kwancewa ne. Na ci gaba da murɗawa baya har na ji ɗan ƙas a yatsana, alamar haƙori ya faɗa mazauninsa, sannan na juya dama. Ya shige da yatsa biyu kamar ana zuba ruwa. Na tsayar da shi yadda lambobin da ke nuna faɗin hudar za su kalli sama ta iya karantawa, na ɗaure zoben da ke riƙe shi, ɗauri na yatsa, ba na ƙarfi ba. A jikin akwatin akwai 'yan kawuna biyu da ake murɗawa, na sama yana kai harbi sama ko ƙasa, na gefe dama ko hagu, kowane motsi da ƙas ɗinsa. Na kai kowanne ƙarshe, na ƙirga zuwa ɗaya ƙarshen, na dawo da shi tsakiya. Duk wannan surukina yana tsaye a kaina da waya yana ɗauka, wai zai tura wa abokansa.

Ɗaurawa ba ita ce aikin ba, saiti ne aikin, saiti kuwa sai an harba. Ya ce a jingina katifa a bangon falo. Na ce a cikin Harami ba za a harba komai a gabana ba, ko da ƙwayar dalma ce a kan takarda. Washegari da safe muka fita ta tsohuwar hanyar Jidda, muka wuce alamun iyakar Harami, zuwa wata istiraha ta ɗan'uwansa, irin gidan hutun nan mai katanga da ciyawar roba da rumfa. Mu huɗu ne, ni da shi da 'yata da yarinyar. Da aka rufe ƙofa ta cire abaya da tarha, mayafin kai kenan, ta ɗaure gashinta baya, ta sa rigar harbinta mai tauri.

Uban ya fito da wata fitila mai jan ɗigo da ake cusawa a bakin bindiga. Ya ɗaure bindigar a kan tebur, ya kunna, ya yi ta murɗe kawunan da na sha wahalar daidaitawa, har jan ɗigon ya hau baƙin. Ya ce an gama, kimiyya ta yi aikinta. Yarinyar ta ɗauka ta harba ɗaya, ya faɗi can gefen takarda. Ya murɗa. Ta harba, ya faɗi ɗaya gefen. Ya sake murɗawa. Haka ya yi ta bin kowane harbi kamar mai korar kaza a tsakar gida, har rana ta fara zafi.

Na ce, "Amarya, a Omdurman biyar muke harbawa kafin a taɓa komai. Harbi ɗaya ba shaida ba ne. Sai ka ga inda suka taru, sannan ka kora taron gaba ɗaya."

'Yata ta kira mijinta ya zo ya taya ta hura gawayin shayi. Allah ya yi mata albarka.

Sabon faifan ya fi tsohon tsawo, yana kusan taɓa girarta. Sai na kwance akwatin na tura shi gaba kaɗan. Gindin bindigar yana da wani katako da ake ɗagawa ko a sauke, inda kunci ke kwanciya. Na ce ta rufe ido ta kwantar da kai yadda ta saba, sannan ta buɗe. Na yi ta ɗaga katakon har ya zama duk lokacin da ta buɗe ido, hudar na gabansa daidai, zoben gaba yana tsakiyarta. Ta harba biyar, suka taru ƙasa ta hagu. Muka kora su sama, muka kora su dama. Zuwa zagaye na huɗu baƙin ɗigon ya cinye duka biyar. Muka sha shayi muka dawo gida, ni ina jin kaina.

Ranar Litinin ta je nadi, ta dawo ba ta ci abinci ba. Harbin ya watse, wanda ya taru ma ya koma gefe guda. Talata ma haka. Mai horar da su ta ce idan haka za ta yi ranar Asabar, gara kada ta je ta kunyata kanta.

Ranar Laraba surukina ya zo har gidana, ya zauna, ya yi doguwar gaisuwa. Sannan ya ce ya yi bincike, ko dai kayan jabu ne, ko kuma wajen ɗaurawa an samu ɗan kuskure, "ka san hannu idan ya kwana biyu, Ammi." Ya ce zai yi odar wani, wannan karon ya kai wa wani kanti a Jidda masu na'ura. Na tambaye shi yaushe zai iso. Ya ce mako guda. Na tambaye shi yaushe ne gwajin. Ya ce ai ana iya roƙonsu su ɗaga. Mutumin da ke shirya motocin alhazai, ya san ranar Arfa ba ta jiran direba, amma yana ganin za a ɗaga gwajin yanki guda saboda allurarsa.

Da ya tafi na kasa zama. Maganar hannu ta dame ni, don akwai gaskiya a cikinta, hannuna yana rawa yanzu idan na daɗe ban ci komai ba. Bayan azahar na kira yarinyar na ce ta zo. Ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da gadona.

"Sidi, a istiraha ina gani tas. A nadi kuma sai in ga inuwa a gefen hudar, kamar wata ya fara cin rana. Sai na danna kaina sannan ta tafi, in na danna kuma wuyana ya gaji."

Na ce, "Ko dai mijin da kika samu a can ne yake ɗauke miki hankali, kin manta da ni?"

"Wane miji, tsoho, kai ma da ƙyar nake haƙuri da kai."

Ta buɗe waya ta nuna mini bidiyon da mai horarwar ta ɗauke ta daga gefe, don ta ga tsayuwarta. Ban kalli tsayuwar ba. Abin da na gani shi ne tarha. A nadin akwai ma'aikata maza da ke shiga da fita, don haka da tarha take harbi kullum, kuma naɗin uwarta take yi, zagaye biyu, a tusa bakin a gefen kuncin dama, daidai inda katako ke taɓawa. Ga kuma hular ciki. Ninki uku na yadi tsakanin fuskarta da bindiga. Mu kuwa mun kai ta cikin katanga, inda babu namiji sai ubanta da kakanta, mun auna komai da kunci tsirara. Ni na ɗaga katakon nan da hannuna har ya dace da fuskar da ba za ta taɓa kaiwa wurin gwaji ba. Ba'armeniyen da ya koya mini bai taɓa saita wa mai tarha bindiga ba, ni ma haka, bidiyoyin surukina kuwa duk Turawa ne masu gajeren gashi.

Ranar Alhamis da sassafe muka koma istirahar. Ta fara kwance tarha, na ce ta bar ta, ta naɗa yadda za ta naɗa a Jidda, har da hular ciki da allurar da take maƙalewa.

Uban ya yi dariya. "Ammi, yadi ne fa. Me yadi zai yi wa ƙarfe? Ni na ce maka matsalar daga kayan ne." Ya buɗe jaka zai fito da fitilarsa.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da ya auri 'yata. Na dube shi ido cikin ido, na yi masa Hausa, ba ta bakin kowa ba. Na ce, "Mayar da wannan abin wasan jaka. Kai ka ɓata na farko da allura, ka kusa ɓata na biyu da filaya, ni kuma na ɓata saiti da rashin tunani. Mun isa haka. Je ka zauna a rumfa."

'Yata ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tafi rumfar ya zauna yana latsa waya.

Na ce ta rufe ido ta kwantar da kai, ta buɗe. Ta ce inuwar na nan. Na sauke katakon kaɗan, na matsar da shi gefe kamar kaurin yadin. Ta sake. Sau shida muka yi kafin ta ce, "Yanzu tas." Na dawo da akwatin baya kaɗan, don hular ta ja kanta baya. Sannan na miƙa mata sukudirebar na ce ta ɗaure da kanta, ta ji iya ƙarfin da ake sawa. Ta harba biyar, suka taru sama ta dama. Na kai hannu zan murɗa, sai na fasa.

"Ina za ki kora su?"

"Ƙasa da hagu."

"Ƙas nawa?"

Ta dubi takardar ta ce huɗu da uku. Ni a raina biyar da uku na ce, amma na bar ta da nata lissafin. Ta murɗa, ta harba, suka zauna a tsakiya. Huɗun ce daidai. Na sa ta kwance tarhar gaba ɗaya ta sake naɗawa ta harba, don mu ga ko naɗi yana bambanta da naɗi. Ya bambanta kaɗan. Da muka koma gida uwarta ta zauna a keke ta ɗinka mata tarha guda biyu da ake zurawa kawai, falle ɗaya a kuncin dama, muka koma ranar Juma'a da safe aka ƙara ƙas ɗaya.

Ban je Jidda ba, ƙafata ba ta son doguwar tsayuwa. Bayan la'asar ranar Asabar ta kira ni, ta ce an ɗauke ta, ita ce ta ƙarshe a cikin waɗanda aka ɗauka, da tazara ƙanƙanuwa tsakaninta da wadda aka bari. Na ce to amarya, sai ki zo ki biya ni ladan aiki da shayi. Ta ce shayin da za ta dafa mini sai na yi da-na-sanin roƙonsa.

Daga baya na ji surukina a wajen wani ɗaurin aure yana ba mutane labari, wai da suka yi nazarin bidiyo sai suka gano matsalar kaurin yadi ce. Suka, in ji shi. Har yana kwatantawa da yatsa a kuncinsa, mutane suna gyaɗa kai. Na wuce na je na ɗebi shinkafa.

Kunyar da na yaga a istiraha ba ta ɗinku ba. Yanzu gardama yake yi da ni kamar sa'ansa, a kan siyasa, a kan maganin ciwon suga, ni ma ina mayar masa, 'yata tana tashi ta bar mana falon. Bindigar kuwa tun daga ranar Juma'ar nan ba wanda ya sake taɓa saitinta a cikinmu, ba ni ba, ba shi ba. Yarinyar ce ke kwancewa ta ɗaura, ita ke murɗa kawunanta, uban jaka kawai yake ɗauka ya kai mota.